Tsohuwar jif mai ɗaukar zafi yau, gobe ta ƙi: daga ina za a fara bincike?

Tambaya: Ina da tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, ta haura shekara 20, ina shiga daji da ita. Wani lokaci allurar zafi takan hau har kusa da ja, wani lokaci kuma sai in yi mako ina yawo ba ta motsa daga tsakiya ba. Na canza tamostat da murfin lagireto, an wanke lagireton, amma abin bai daina ba. Wani makanike ya ce a cire tamostat ɗin gaba ɗaya, wani kuma ya ce a buɗe kan inji. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, sannu da fama. Na san irin damuwar da wannan matsala take jefa mai mota, domin motar da ke tafasa kullum ta fi sauƙin sha'ani: ka kai ta gareji, ta tafasa a gaban makanike, ya gani da idonsa. Wadda take yi yau ta ƙi yi gobe ita ce ke sa mutum ya yi ta sayen kaya ɗaya bayan ɗaya yana lalube cikin duhu. Roƙona na farko shi ne kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna. Ka dakata da sayen komai har sai ka iya amsa tambaya guda: a wane hali take ɗaukar zafin?

Ruwa ba ya tsami banza. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da mai ke bayarwa a cikin inji, ta ruwa yake bi ya fita a lagireto. Lokacin da motar take sabuwa, an yi mata tsarin sanyayawa da ya fi ƙarfin bukatarta, akwai rara. Shekaru ne ke cinye wannan rarar kaɗan-kaɗan: tsatsa ta ɗan kwanta a bututu, laka ta ɗan liƙe, fanka ta ɗan yi sanyin jiki. A tafiyar yau da kullum abin da ya rage yana isa. Ranar da ka haɗa mata rana da kaya da hawa da esi, wato na'urar sanyaya cikin mota, sai ya gaza. Abin da kake gani kamar haka kawai yake zuwa yana da lokacinsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ne a cikin motar sa'ad da allurar ke hawa. Ka ajiye ɗan littafi kusa da sitiyari, duk ranar da ta yi ka rubuta gudun da kake yi, giyar da kake kai, hawa ne ko shimfiɗaɗɗiyar hanya, esi a kunne yake ko a kashe, minti nawa da tasowarka, da abin da ka yi ta sauka. Sau 4 ko 5 sun isa su nuna maka hanya.

Sai dai kafin ka gaskata allurar, ka tabbatar ba ƙarya take yi maka ba. Agogon zafi ya dogara da wayar negetif da ke haɗa inji da jikin mota. Idan wayar ta yi tsatsa ko ta saki, allura takan hau ba tare da inji ya ƙara ko digiri ɗaya ba. Inji na aiki, ka kunna manyan fitilu da fankar ciki a lokaci guda. In allurar ta yi tsalle nan take, matsalar wuta ce, domin tulin ƙarfe da ruwa lita goma ba sa canza zafi cikin daƙiƙa biyu. Tsofaffin Land Rover irin su Series III suna da wata 'yar na'ura a bayan agogo mai daidaita wutar da ke zuwa masa; idan ta lalace, allurar mai da ta zafi sukan hau tare, mutum ya ga tankinsa na ƙara cika yana tafiya. Akwai kuma ƙaryar da ta fi wannan haɗari. Motoci da yawa an yi agogonsu ya kafe a tsakiya ko da zafi na canzawa da digiri masu yawa, don kada direba ya riƙa firgita, sai abu ya yi nisa sannan allura ta motsa. Kuma sensa, wato 'yar na'urar da ke aika wa agogo labarin zafi, ruwa take aunawa. Idan ruwa ya yi ƙasa ya bar ta a fili, tana iya nuna maka sanyi alhali inji na dahuwa. Don haka idan ka ga allura ta hau sannan ta faɗo da kanta kwatsam, kada ka yi murna, ka tsaya.

Ka samo ma'auni na biyu. Akwai ma'aunin zafi na hannu mai haska jan ɗigo, wanda ake auna abu daga nesa. Ka haska shi a gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, inda babban tiyon sama ya fito daga inji. Ba ya karanta ƙarfe mai ƙyalli daidai, don haka ka manna baƙin tef a wurin, ka riƙa aunawa a kai. In motar tana da soket ɗin OBD2, wato wurin da ake jona na'ura da kwamfutar mota, wanda ƙananan motocin fetur da aka sayar sababbi a Amurka daga 1996 suke da shi, ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota za ta nuna maka zafin a lamba kana cikin tafiya. Tsakanin digiri 85 da 100 a ma'aunin Salshiyas ba abin tayar da hankali ba ne a yawancin injuna. Daga 105 nakan fara lura, in ya doshi 110 yana ci gaba da hawa nakan nemi wurin tsayawa.

To, a ce zafin na gaske ne. Idan littafinka ya nuna cewa a tafiyar sannu take yi, cikin cunkoso, ko kana rarrafe a kan duwatsu, ko kana tsaye da esi a kunne, amma da ka hau kwalta ka taka sai ta huce, matsalarka ta iska ce. A guje, iskar hanya ce ke sanyaya lagireto. A tsaye, fanka kaɗai gare shi. Yawancin tsofaffin jif fankarsu a jikin inji take, da wani kuloci mai ɗauke da man silikon a cikinsa. A fuskar kulocin akwai wani ɗan naɗaɗɗen ƙarfe da ke jin zafin iskar da ta ratso lagireto. In iskar ta yi zafi sai ya murɗa, ya buɗe wa man hanya, fankar ta kama da ƙarfi. Wannan kulocin ba ya mutuwa rana ɗaya. Man yakan zurare a hankali, shekara da shekaru, fanka na juyawa kamar lafiya ƙalau amma ba ta jan komai. Shi ya sa shi ne na farko da nake tuhuma a irin motarka.

Kunnenka zai gaya maka. Lafiyayyar fanka takan yi ruri da sassafe na ɗan lokaci bayan an tayar da inji, sannan ta yi shiru, kuma idan zafi ya hau takan sake yin rurin har ka ji shi daga cikin mota. In allura ta hau ka buɗe bonet ka tarar fanka na juyawa shiru, ka sami mai laifi. Ka kashe injin a cikin wannan zafin kana kallonta: ya kamata ta tsaya kusan tare da shi. In ta ci gaba da walagigi ita kaɗai, ko ka tura ta da yatsa bayan ta tsaya ta yi zagaye da yawa, kulocin ya gama. Ka duba fuskarsa, za ka iya ganin baƙin maiƙo da ƙura ta manne masa. Ina roƙonka kada ka gwada tsayar da fanka da hannu ko da naɗaɗɗiyar takarda inji na aiki. Sannan ka dubi gidan fankar, robar nan da ta kewaye ta. Ana yawan cire shi lokacin wani gyara a manta da shi a gefe, kuma in babu shi fanka daga gefe take jan iska maimakon ta cikin lagireto. In an ɗaga jikin motar sama da shasi, ka tabbatar fankar na nan a tsakiyar gidanta. Mai fankar lantarki kuwa, sai ya bi fis da rile da soket, domin soket ɗin da ya ƙone yakan kama yau ya saki gobe.

Ka ce an wanke lagireton. Ciki aka wanke, ko waje? Nan motar daji ta bambanta da ta gari. An taɓa kawo mini wata da mai ita ya canza kusan komai. Daga gaba tsaf take, ka leƙa ta raga ba ka ganin ko tsinke. Na sa aka kwance kusoshin sama, muka ɗan ture lagireton baya, na haska tocila a tsakaninsa da kondensar esi. Abin da na gani kamar bargo ne: busasshiyar laka, ƙaiƙayin ciyawa, fukafukan ƙwari, duk sun dunƙule sun rufe rabin ƙasa. Da na sa hannu na ja, falle guda ya fito, kaurinsa ya kai yatsa. Bayan mun wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi, motar ba ta ƙara yi ba. Ka saka fitila a bayan lagireto da dare, ka koma gaba ka duba; duk inda haske bai fito ba, iska ma ba ta wucewa. Kada a yi amfani da injin wanki mai tsananin matsi a kusa, yana kwantar da siraran ƙarafan nan. Ka kuma shafa su da yatsa: in suna marmashewa, lagireton ya tsufa, wanki ba zai dawo da shi ba. Winci, manyan fitilu da katon bamba da ake ɗaurawa a gaba, su ma suna cin nasu kason na iska.

Idan kuwa akasin haka ne, a gari lafiya lau, sai ka daɗe kana gudu a babbar hanya ko kana doguwar hawa take yi, to ruwa ne ba ya gudana yadda ya kamata, ko lagireton ba ya iya zubar da zafin da ake aiko masa. Akwai gwajin da ba ya bukatar ko sifana. Da allura ta fara hawa, ka kunna hita zuwa ƙarshe, fanka ma zuwa ƙarshe, ka sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ce. In ta huro iska mai ƙuna kuma allurar ta sauka, famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji na aikinsa, babban lagireton ne ya gaza. In ta huro sanyi alhali allura na sama, ko dai ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta shiga, ko famfon ba ya turawa.

Lagireton da ya toshe daga ciki, ma'auninka na hannu zai tona shi. Ka kashe inji yana da zafi, ka bi bayan lagireton tako-tako. Zafi ya kamata ya riƙa raguwa a hankali daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. In ka ci karo da wani yanki mai sanyi a tsakiya, bututun wurin sun toshe, kuma ruwan da ake zurawa da tiyo a ce an wanke yana bin waɗanda suke a buɗe ne ya wuce abinsa. Wannan toshewar tana da wata illa ta biyu da ba kowa ke lura da ita ba: in tsakiyar lagireton ce ta toshe, iskar da ke dukan fuskar kulocin fanka mai sanyi ce, sai kulocin ya ɗauka lafiya ake, ya ƙi kamawa. A nan ne ake sayen sabon kuloci a ɗaura, matsala na nan daram.

Ka kuma dubi babban tiyon ƙasa. Shi ne ɓangaren da famfo ke tsotsa, kuma da yawansu suna da sifirin a ciki don kada su shafe. Inji ya yi zafi, wani ya taka totur ya riƙe, kai kana kallon tiyon daga nesa da fambel. Na sha ganinsa yana motsewa kamar an matse shi da hannu, a saki totur ya koma ya cika kamar bai yi komai ba. Wanda ya duba motar a tsaye ba zai taɓa gani ba. Famfon kansa ma yana iya yaudara: ba ya yoyo, ba ya ƙara, amma tsatsa ta cinye fukafukansa, ko kuma in na roba ne su riƙa zamewa a kan sandarsu in sun ji zafi.

In jif ɗinka mai giya otomatik ce, ka ƙara wannan a lissafi. Man giyar a cikin tankin lagireto ake sanyaya shi. A cikin yashi, ko da tirela a baya, ko da tayoyin da suka fi na asali girma, giyar takan yi ta zamewa tana dafa manta, duk zafin kuma a ruwan inji yake ƙarewa. Tuƙi cikin yashi mai zurfi a 4H, wato giyar ƙafa huɗu ta gudu, yana iya tafasa motar da ba ta da wata cuta; ka sa 4L, ta ƙarfi mai tafiyar sannu, ka ga bambanci. Birkin da ke riƙewa, taimin da ya yi baya, salansar da ta toshe, ko injin dizal da aka ƙara wa mai fiye da kima har yana baƙin hayaƙi, duk suna ƙara wa lagireto nauyi, kuma sai a hawa suke bayyana.

Saura zafin da littafi ya kasa samar masa tsari, wanda yake zuwa a kowane hali. Wannan yawanci iska ce a cikin ruwa, kuma tambayar ita ce ta ina take shiga. Ka fara da murfi. Lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1, matsin da yake riƙewa ne a ma'aunin matsi da ake kira bar. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa a bakin teku, yana kuma raguwa da kusan digiri ɗaya a duk mita 300 da ka hau sama. Ƙarƙashin matsin murfi sai ya kai kusan 120. Sabon murfi ba zai yi amfani ba in bakin da yake zama a kai ya lotsa ko ya tsage. Murfin yana kuma da ɗan ƙaramin bawul na biyu, mai barin ruwa ya dawo daga robar ajiya, wadda rarar ruwa ke zuba a cikinta, idan inji ya huce. In siririn tiyon da ke tsakanin lagireto da robar ya tsage, ruwa zai fita amma iska ce za ta dawo. Sai ka riƙa ganin roba a cike kullum, lagireto kuwa yana ta yin ƙasa. Don haka kowace safiya, inji da sanyi, murfin lagireton kansa za ka buɗe ka duba, ruwa ya kasance har wuya. Wasu motocin, irin Jeep Cherokee mai injin 4.0 ta 1987 zuwa 1990, murfin matsin a kan robar yake, kuma in robar ta tsufa ta yi tsaga kamar gashi, matsi ya tafi ke nan. Makanike mai famfon gwada matsi zai gano irin wannan yoyon cikin minti kaɗan. A gwada da sanyi, a sake gwadawa da zafi, domin wata tsagar sai ta ji zafi take buɗewa.

Sabon tamostat ɗin da ka sa ma ban wanke shi daga zargi ba. Ka ciro shi, ka rataye shi a tukunyar ruwa bisa wuta da ma'auni a ciki. Ya kamata ya fara buɗewa a lambar da aka buga a jikinsa, yawanci digiri 82 ko 88, ya kuma buɗe sosai, kimanin milimita 8 zuwa 10, kafin ruwan ya tafasa. Ka maimaita sau uku, domin mai maƙalewa yakan yi daidai a karon farko. In yana da ɗan ƙaramin rami mai ƙwallo a gefensa, sama ake juya shi don iska ta fita. Cire shi gaba ɗaya kuwa, gudun gara ne a faɗa gidan zago. A injuna da yawa tamostat yana da faifai a ƙasansa, wanda idan ya buɗe yake toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Ka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya yi ta zagaye a gida. Da safe kuma inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci jikinsa. Saboda wannan faifan ne ma nake so ka kwatanta sabon da na asali. In na asali yana da shi amma babu shi a sabon, ba nasa aka ba ka ba.

Yanzu maganar kan inji. Mai yiwuwa ne makanike na biyu yana da gaskiya, amma ana iya sani ba tare da an kwance kusa ko ɗaya ba. Gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, in ya fara ci ba dole ne ya haɗa ruwa da baƙin mai ba, kuma ba dole ne ya yi farin hayaƙi ba. Sau da yawa sai inji na jan nauyi ne hayaƙin silinda ke kutsawa cikin ruwa, ya tura shi waje ta roba, ya bar kumfar iska da ke yawo. Ranar da ta tsaya a kan tamostat ko famfo, mota ta yi zafi. Da safe ka buɗe murfi ka mayar, ka tayar da inji, ka matsa tiyon sama. In ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, ruwa bai ko ɗumama ba, wannan matsin daga silinda ya zo. Kumfa mai fitowa a jere ba yankewa a wuyan lagireto ma shaida ce. A injin fetur ka ciro fulogai ka jera su. Wanda ya fita fes shi kaɗai cikin 'yan uwansa, tururi ne ya wanke shi. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na wani shuɗin ruwan gwaji da ake zubawa a ɗan bututu a ɗora a wuyan lagireto: in akwai hayaƙi a ciki yakan koma rawaya, a dizal sau da yawa kore kawai yake yi. Tunda taka matsalar mai zuwa da tafiya ce, a yi shi bayan an wahalar da motar a hawa an bar ta ta huce daidai yadda za a iya buɗe murfi, a taka totur lokacin gwajin, kuma in bai nuna komai ba a sake wata rana.

Kafin ka kai ga gano ta, ka kiyaye injin, domin kan alminiyam ba ya jure tafasa sau da yawa. Da allura ta wuce inda ta saba, kashe esi, kunna hita, sassauta ƙafa, ka sauka gefe. In akwai ruwa a ciki kuma fanka na aiki, barin inji ya yi aiki a tsaye na ɗan lokaci ya fi kashe shi nan take. In kana ganin tururi ko ruwa na zuba, kashe shi ba jira. Kada ka taɓa murfi sai tiyon sama ya yi laushi ka iya riƙe shi da hannu, kuma kada ka kwarara ruwan sanyi a cikin injin da ke ƙuna.

In shuɗin ruwan ya canza launi, to a buɗe kan. Amma a kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su auna ko ya lanƙwashe, su gwada shi da matsi ko ya tsage, musamman a dizal mai turbo inda tsagar kan ɓuya a tsakanin bawul da bawul. Kuma tunda gaba a kwance take a ranar, ka sa a ciro lagireton a buɗe tankinsa ka ga bakin bututun da idonka, a gwada kulocin fanka, a ciro famfo a dubi fukafukansa, domin a mafi yawan tsofaffin motocin da na gani, wani daga cikin waɗannan ne ya fara ƙona gaskit ɗin.